Garambawul: Tarihin Kula da Injuna Daga Tashar Ƙauran Namoda Zuwa Bakolori

A yau in aka ambaci garambawul, hankali yakan tafi kan gwamnan da ya sallami kwamishinoni ko shugaban ƙasar da ya sauya ministoci. Asalin kalmar kuwa aro ce daga Turancin makanikai. Ma'anarta ita ce a tsayar da inji tun yana da sauran ƙarfi, a kwance shi ɗaiɗai, a auna kowane ƙarfe, a sauya wanda ya cinye, a mayar a ɗaure. 'Yan siyasa sun gaji kalmar, aikin da take nufi kuwa ya yi ƙaranci a ƙasarmu.

Wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Ƙauran Namoda ta ratsa Zurmi da Gurbin Bore ta nufi Jibiya, ko ya karkata wajen Shinkafi, ba ya bukatar a ba shi labari. Ga famfon tuƙa-tuƙa da ya daina kawo ruwa, ga tarakta zaune a kan duwatsu, ga janareto ya zama wurin kwanan awaki. Amsar da aka saba bayarwa ita ce ba mu da al'adar kula da kaya. Wannan amsa tana da daɗin faɗa, sai dai ba ta warware komai. Kakannin mutanen wannan yanki sun ga jirgin ƙasa yana shiga Ƙaura yana fita shekara da shekaru, kuma 'yan ƙasa ne ke hura masa wuta, su ne ke ɗaure masa notuna. Tambayar da ta dace ita ce: me ke hannunsu a wancan lokaci da ya kuɓuce daga baya?

Ranar da jirgi ya iso

Layin dogo ya isa Kano a 1911. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, tafiyar kilomita kusan 220. Turawa ba don jin daɗin matafiya suka shimfiɗa shi ba. Auduga da gyaɗa da ƙiraga suke so su kwashe zuwa bakin teku, kuma Ƙaura ta zama matattarar amfanin gonar ƙasar Zurmi da Shinkafi da Isa. Manomi a Gurbin Bore bai taɓa ganin Legas ba, amma kuɗin da zai samu a kaka ya rataya a kan lafiyar wani kan jirgi da ke jan taragu zuwa can.

Kawunan jirgin wancan zamani na tururi ne, suna cin kwal ɗin Inugu, wanda aka gano a 1909. Injin tururi ba ya ɓoye ciwonsa. Ruwan da ake zuba masa yana barin dauɗa mai kama da farar ƙasa a jikin tukunya. In ta yi kauri sai zafi ya kasa ratsawa, bututai su ƙone. Don haka dole a kashe wuta lokaci-lokaci a wanke tukunyar, ko inji na tafiya lafiya ko ba ya tafiya. Ƙafafun ƙarfe suna cinyewa daidai da nisan da suka yi, haka ma sandunan da ke juya su. Tsarin Birtaniya da aka gina reluwen Najeriya a kansa ya tanadi cewa kowane kan jirgi yana da lambarsa da takardar tarihinsa: mil nawa ya yi, yaushe aka wanke shi, me ya taɓa karyewa. In ya cika adadin da aka yanka masa, sai a tura shi babban wurin gyara, irin na Ebute Metta a Legas ko na Inugu, a yi masa garambawul. Yawancin sassansa kuwa ƙarfe ne da tagulla da ake iya zubawa ko feƙewa a nan gida.

Gidajen gurzar auduga da ke kan wannan layi, kamar na Funtuwa da Gusau, sun sami irin wannan tsari daga yanayin sana'ar kanta. Ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya, BCGA, wadda aka kafa a Manchester a 1902, ita ce ta mallake su. Ana sayen auduga da rani, a yi ta gurza ba dare ba rana, sannan kaya su ƙare. Watannin damina sai su zama na kwance injuna da wasa zartuna da sauya boris da bel. Kalandar noma ce ta ba inji hutu, kuma babu manajan da zai ce a ɗage gyara don neman riba, tunda babu audugar da za a gurza.

Kada a ɗauka zamanin ya kasance na adalci ko na rashin aibu. Ma'aikatan reluwe, ƙarƙashin jagorancin Michael Imoudu, su ne ƙashin bayan yajin aikin gama-gari na 1945, saboda albashi ya kasa riƙe su. Kuma tsarin kansa ya taɓa durƙushewa. A shekarun Yaƙin Duniya na Biyu an matse kawunan jirgi da aiki, sabbin kaya kuma ba sa zuwa daga Ingila. Da yaƙi ya ƙare sai reluwe ta kasa kwashe gyaɗar da aka saya, buhuna suka yi ta taruwa a Kano har wata kakar ta riski wata. Dalar gyaɗar da muke alfahari da hotunanta tana da fuska biyu: shaida ce ta ƙwazon manoma, kuma a waɗancan shekaru shaida ce ta bashin gyara da aka ci aka kasa biya a kan lokaci.

Dizal da sharuɗɗansa

A 1955 aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, kuma a wannan tsakani kawunan dizal suka fara shigowa. Ga Arewa, wadda ke nesa da ma'adinan kwal kuma ruwa ke wahala da rani, wannan ci gaba ne na gaske. Sai dai dizal ya zo da nasa sharuɗɗa. Famfon mai da allurar fesa shi da na'urorin lantarki ba abubuwa ne da maƙeri ko mai injin feƙe ƙarfe zai ƙera ba. Sai an yi odarsu daga masana'antar da ta yi injin, da kuɗin waje. Cikin shekarun da suka biyo baya an sayo kawuna daga Ingila da Amurka da Jamus da Kanada, daga baya kuma China. Kowane iri da kayan gyaransa, kowane iri da horon da yake bukata. In kai biyu suka lalace, sai a kwance ɗaya a tayar da ɗaya, wanda aka kwance kuwa ya tafi ke nan.

Alƙaluma sun nuna inda aka dosa. A 1964 reluwe ta ɗauki fasinjoji sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Zuwa 1974 fasinjoji sun koma kimanin miliyan 4.3, kaya kuma tan miliyan 1.1. Dalilan suna da yawa: yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, bunƙasar tituna da manyan motoci, farin farkon shekarun 1970, da cutar da ta kassara gyaɗa a 1975. Amma duk lokacin da kuɗin shiga ya ragu, abin da ake fara yankewa shi ne gyaran da ba a ga gaggawarsa ba. Jirgi ya riƙa makara, 'yan kasuwa suka koma mota, kuɗi ya ƙara raguwa, aka ƙara yanke gyara.

An ɗauko kamfanin RITES na Indiya ya riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, al'amura suka ɗan farfaɗo, suna tafiya aka koma gidan jiya. Matakan tsuke bakin aljihu na 1982 da karyewar darajar naira bayan shirin SAP na 1986 sun sa kayan gyara sun gagari saye. A 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ba kamfanin CCECC na China kwangilar sama da dala miliyan 500 don farfaɗo da layuka da sayo kawuna da taragu. Salon bai sauya ba: a bari abu ya mutu, a ba da babbar kwangila, a yi bikin buɗewa, a sake bari.

Abin da masu lissafi suka gano

A daidai shekarun da wannan ke faruwa, a wasu ƙasashe ana mayar da tambayar "yaushe inji zai lalace?" ta zama fannin ilimi. Injiniyan ƙasar Suwidin, Waloddi Weibull, ya wallafa a 1939, ya kuma faɗaɗa a 1951, wata hanyar lissafi da ke bayyana yadda haɗarin lalacewa ke sauyawa da shekaru. A cikinta akwai lamba guda da ke faɗin halin abu. In ta gaza 1, haɗarin yana raguwa da tafiyar lokaci, kamar jaririn da ya tsallake watannin farko. In ta tsaya a 1, shekaru ba su da tasiri, lalacewa na zuwa ne kwatsam. In ta haura 1, abin yana tsufa, kowace rana ta fi ta jiya haɗari.

Wannan ya dace da abin da ake jefarwa in ya mutu, kamar ƙwan lantarki. Injin da ake gyarawa ya ci gaba da aiki yana da wata matsala ta daban: bayan gyara, wane hali yake komawa? Masana sun fara da gefe biyu. Ko dai ya koma sabo fil, ko ya koma daidai yadda yake dab da ya lalace, wato tsoho mai tafiya. Richard Barlow da Larry Hunter sun yi lissafin lokacin da ya fi dacewa a yi garambawul a 1960. Larry Crow, a wata cibiyar nazari ta sojan Amurka, ya fitar da hanyar auna ko lalacewar inji na ƙaruwa ko raguwa a 1974. Masaaki Kijima na Japan ya kawo matsakaicin ra'ayi a 1989: gyara yana rage wa inji wani kaso na shekarunsa, bai shafe su duka ba.

Misali zai sauƙaƙa maganar. A ɗauka masu injin niƙa biyu ne a kasuwa ɗaya, kowanne injinsa ya tsaya sau 5 a shekara. Na farko ya yi kwana 120 kafin ya fara tsayawa, sannan 90, sannan 70, sannan 50, sannan 35. Na biyu ya fara da 35, sannan 50, 70, 90, 120. In aka raba, kowanne yana lalacewa duk kwana 73. Amma na farko yana gangarawa kabari, na biyu kuwa yana murmurewa daga matsalolin sabunta. Wanda ya riƙe matsakaicin adadi kawai zai yi musu magani iri ɗaya, ya cuci ɗayansu. Harold Ascher da Harry Feingold sun yi littafi guda a 1984 suna jan kunnen injiniyoyi kan irin wannan kuskure. Jerin ranakun shi ne ilimin, kuma ba ya samuwa sai an rubuta.

A ci gaba da injin farko. A ƙaddara garambawul yana cin naira 90,000, kowace tsayawar ba-zata kuma tana cin 40,000 in aka haɗa kuɗin bakanike da cinikin da ya wuce. A ƙaddara kuma tsufansa na tafiya haka: tsayawa 1 a wata 6 na farko, jimillar 4 a wata 12, jimillar 16 a wata 24. In mai shi ya yi garambawul duk wata 6, abin da yake kashewa a wata ya kama 21,700. Duk wata 12, kimanin 20,800. In ya bari sai wata 24, ya haura 30,000. In kuma tsoro ya sa shi yin garambawul duk wata 3, zai kashe fiye da 33,000. Mafi arha yana wajen wata 9, naira 20,000. Darasi biyu ke nan. Yawan gyara asara ne kamar ƙarancinsa. Sannan tsakanin wata 6 da wata 12 bambancin kaɗan ne, wato ba a bukatar lissafi mai tsanani kafin a faɗa cikin daidai. Abin gudu shi ne gefe biyun.

Cewa gyara kansa na iya zama cuta, yaƙi ne ya fara tona shi. A 1943 masanin halittu C. H. Waddington, yana aiki da rundunar saman Birtaniya mai farautar jiragen Jamus na ƙarƙashin teku, ya duba takardun gyaran jirage. Ya tarar matsaloli sun fi yawa jim kaɗan bayan an fito da jirgi daga dubawar da aka tsara, sannan su riƙa raguwa. Hannun da ya kwance lafiyayyen abu yakan bar kuskure a ciki. Aka tsawaita tazarar dubawa, aka soke ayyukan da ba su da amfani, sa'o'in tashi suka ƙaru. A 1978 Stanley Nowlan da Howard Heap na kamfanin United Airlines suka miƙa wa ma'aikatar tsaron Amurka rahoton da ya nuna kashi 11 cikin 100 kacal na sassan jirgin sama ne ke da lokacin tsufa da za a iya tsara musu ranar sauyi. Sauran kashi 89 sai dai a riƙa sa musu ido. A jirgin DC-8 sassa 339 ake kwancewa bisa kalanda; a DC-10 sun koma 7.

Kada mai karatu ya ɗauki wannan a matsayin izinin barin inji sai ya mutu. Sassan da ke tsufa bisa ƙa'ida su ne masu gogayya da masu haɗuwa da ƙura, yashi da tsatsa. Waɗannan kuwa su ne rayuwar inji a Zamfara: ƙurar hunturu a filta, yashin kogi a cikin injin ban ruwa, fatar famfo da ke goga bututu dubban sau a yini, gurɓataccen mai daga jarka. A nan juyen baƙin mai da sauya filta da shafa giris a kan lokaci su ne rigakafin da ya fi magani.

Bakolori

Babu inda rashin wannan tunani ya fi tsada a yankin kamar madatsar ruwan Bakolori, a kan Kogin Sakkwato kusa da Talatar Mafara. Kamfanin Impresit na Italiya ya fara aikin a 1974, aka kammala dam ɗin a 1978. An tsara shayar da hekta 23,000: hekta 8,000 ta hanyar magudanan da ruwa ke gangarawa da kansa, hekta 15,000 kuma ta hanyar yayyafi, wanda ke bukatar manyan famfuna da lantarki da dubban bututai da kawunan fesawa. Manoma sun biya farashi mai nauyi tun kafin a ga amfani. Rikicin diyyar gonaki ya kai ga harin 'yan sandan kwantar da tarzoma a watan Afrilun 1980, inda aka rasa rayuka da dama.

Zuwa farkon shekarun 2000 ɓangaren yayyafi ya daina aiki, noma ya taƙaita ga inda ruwa ke gangarawa da kansa. Lissafi ya isa ya hango haka tun a takarda. Ruwa ba ya isa gona ta yayyafi sai lantarki da famfo da bututu da kan fesawa duk suna lafiya a lokaci guda. In kowane ɗaya cikin huɗun yana aiki kwana 9 cikin 10, damar a same su duka a tsaye ba ta kai kashi 66 cikin 100 ba. Shinkafa da alkama kuwa ba sa jiran odar kaya daga Turai. Magudana ma tana cikewa da laka da ciyawa, amma ciwonta a hankali yake zuwa, ido yana ganinsa, kuma shebur da fartanya suna maganinsa. Da Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING a 2014, cikin aikin da aka tsara wa Bakolori har da mayar da wani sashe na filin yayyafi zuwa tsarin gangara, da danƙa kula da ƙananan magudanai ga ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwan. Bayan shekara fiye da 30 aka koma ga tambayar da ya kamata a fara da ita: wa zai gyara, da me, da kuɗin wa?

Masu harkar ruwan sha sun koyi darasin da wuri. Famfon India Mark II, wanda aka ƙirƙiro a shekarun 1970 da tallafin UNICEF, yana da ƙarfi ƙwarai, amma sauya 'yar fatar da ke ƙasan rijiya yana bukatar a zaro bututai masu nauyi da kayan aiki na musamman. A shekarun 1980 Bankin Duniya da UNDP suka tura ra'ayin ƙera famfon da mutanen ƙauye za su iya gyarawa da kansu, irin Afridev. Famfon da ke lalacewa sau 4 a shekara a gyara shi a yini ɗaya ya fi wanda ke lalacewa sau ɗaya ya yi wata 3 yana jiran ma'aikata daga birni. Na farko ya yi fashin kwana 4, na biyu kwana 90.

Abin da ya kuɓuce

In aka tattara tarihin, abubuwa huɗu ne suka riƙe jirgin tururi da gidan gurza, kuma su ne suka ɓace ɗaya bayan ɗaya: rubutaccen tarihin kowane inji, lokacin hutu da ba a taɓawa, kayan gyara da ake samu kusa, da kuɗin da aka keɓe tun kafin a ga ɓarna. Babu ɗaya a cikinsu da ya danganci jini ko ƙabila. Tsari ne, mutane suka kafa shi, mutane suka sake shi. Kasafin kuɗin gwamnatocinmu ma yana taimaka wa sakin, domin sayen sabo yana zuwa da kwangila da hoto da suna a allo, juyen mai kuwa babu mai yanka masa kintinkiri.

Halin tsaro ya ƙara wa maganar nauyi. A ƙasar Zurmi da Shinkafi, inda tafiya a hanya ta zama abin da ake yi da addu'a, bakanike ba ya zuwa ranar da aka kira shi, kaya daga Gusau ko Kano ba sa isowa ranar da aka yi alkawari. A lissafin da ya gabata, wannan yana nufin kuɗin tsayawar ba-zata ya ninka, kuma duk lokacin da ya ninka, ranar garambawul tana matsowa kusa, ajiye kayan gyara a gida kuma yana ƙara zama riba. Famfon da ya mutu a gari irin Gurbin Bore yana tura mata da yara neman ruwa a bayan gari, inda ba kowa ke son zuwa ba.

Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, tana yaye ɗaliban injiniya kowace shekara, kuma kowannensu sai ya yi aikin bincike kafin ya fita. Da za a raba wa masu injin niƙa da masu injin ban ruwa da kwamitocin famfo littafi mai layi huɗu, wato ranar da inji ya tsaya, abin da ya lalace, kwanakin da ya yi a kwance da abin da aka kashe, cikin shekara biyu ɗalibai za su sami abin da za su lissafa, ƙananan hukumomi kuma su san wace fata da wane boris za su saya kafin rani. Shugaban asibiti ko makaranta ko kamfani da ke karanta wannan yana iya gwada kansa tun gobe da safe: ya tambayi mai kula da janareto sa'o'i nawa injin ya yi tun juyen mai na ƙarshe, ya kuma ce a nuna masa inda aka rubuta.